Na Ja Sarƙar Romina

Jama'a, ku yi mini haƙuri, na daɗe ban leƙo ba. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce in mutuwa na yi a sanar da ita ta daina jira. Ban mutu ba. Ƙafafuna ne a cikin bokitin ruwan gishiri, waya a hannu, ina dannawa da yatsa ɗaya yadda na saba. Tun safe na tashi na zauna, na leƙa taga na dawo, na haɗa shayi na manta da shi. Zama ya ƙi mini. Shi ya sa na ce bari in zayyana muku, ko zuciyar nan za ta lafa.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Wistin, shekarata ashirin. Ina gasa pastizzi, 'yan ƙananan gasassun ƙullun fulawa da ake cusa wa wake ko cuku, a wani shago da ke kallon ƙofar makarantar share fagen jami'a, can wajen tashar jiragen ruwa. Ni karatu bai karɓe ni ba. Da na gama sakandare na gode wa malamai, su ma suka gode wa Allah. Romina kuwa 'yar garinmu ce, shekararta goma sha takwas, tana shekarar ƙarshe a makarantar, tana karanta falsafa da ilimin ɗa'a da addini. Makonni kaɗan suka rage mata ta zauna babbar jarrabawar da duk ɗalibin Malta yake mafarkinta da tsoronta, wadda in ka ci jami'a ta buɗe maka ƙofa.

Haɗuwarmu ma ta dalilin ƙuna ce. Bara farantin gashi ya suɓuce daga bakin tanderu ya sauka a kan ƙafata ta hagu. A garinmu in ka ƙone ba a tambaya, gidan Nanna Karmena ake kai ka, kakar Romina, ita ta san ganyen da ake fasawa a ɗaura. Tana ɗaura mini tana yi mini faɗa, jikarta kuma tana riƙe da kwanon ruwa a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Ƙunar ta warke ta bar tabo kamar jinjirin wata. Sauran abin da ya kama ni a ranar bai warke ba.

Kullum in an tashi hutun rabin rana sai ta tsallako titi, da koren suwaita ɗin nan nata da hannuwansa suka saki, yatsunta duk tawada. Ta sayi mai wake guda biyu, ta jingina da kantar shagon, ta gwada tambayoyin aji a kaina. Wai ni ne filin atisayenta. Ko ɓarawon da ya saci magani don uwarsa ya yi laifi, ko mutum zai iya zama nagari in babu mai kallonsa. Ni kuma in amsa da abin da ya zo bakina, ta yi dariya, wani lokaci ta ce amsar tawa shirme ce, wani lokaci ta rubuta. Tsayinmu ɗaya da ita cif, 'yan ajinsu tagwaye suke ce mana. Ita kuma cewa take ni kaɗai ne saurayin da ba ya sa ta ciwon wuya.

To ana tsakiyar azumin coci ta zo ba ta sayi komai ba. Ta tsaya tana murza bakin hannun suwaitar.

"Wistin, in wani ya yi alkawari da sunanka, kai kuma lokacin ko magana ba ka iya yi, wa alkawarin ya hau kansa?"

Na ɗauka ta aji ce. Ina juya faranti na ce ai wanda ya buɗe baki.

"To je ka faɗa wa Pa haka," in ji ta, tana nufin babanta. Sai na ga idonta ya kawo ruwa.

Nan ta ba ni labari. Tana 'yar shekara shida zazzaɓin ƙwaƙwalwa ya kama ta, har likitoci suka ce a kira fadan coci ya yi mata addu'ar ƙarshe. Nanna Karmena ta durƙusa a coci ta yi bakance: in yarinyar ta tashi, shekarar da ta cika goma sha takwas za ta ja sarƙa ranar Juma'a Mai Kyau, wato Juma'ar da ta gabaci Ista. Kun san masu jan sarƙa, waɗanda suke bin jerin gwano ba takalmi, cikin farar riga mai hular da ta rufe fuska sai ramin ido, sarƙar ƙarfe ɗaure a idon sawu. Yarinya ta tashi. Shekarar kuma ta zo.

Na ce to mene ne a ciki, ciwon ƙafa ne na 'yan kwanaki, ni zan riƙa kawo mata pastizzi har gado. Ta ce ba ciwon take gudu ba. Duk wanda ya ɗaura sarƙar nan yana faɗa wa Allah da mutanen gari cewa ya tabbata. Ita kuwa tun da ta fara karatun nan ta gano ba ta tabbata ba. Ba ta ce babu ba, ba ta ce akwai ba, tana nema ne. In ta shiga rigar alhali zuciyarta na haka, ta yi ƙarya da jikinta gaba ɗaya. Kuma ta faɗa wa mahaifinta hakan, saboda Romina ba ta iya haɗiye magana ba.

Shi kuma Sur Leli, mahaifin nata, magini ne, mai sassaƙa dutse. Bai yi ihu ba. Ya shiga ɗakinta ya kwashe littattafanta da duk abin da ta rubuta a shekara biyu, ya zuba a kwali ya kulle a gareji. Ya ce in ta ja sarƙa za ta ga kwalinta. In ba ta ja ba, babu jarrabawa, za ta fara aiki a otal wurin ɗan 'yar uwarsa. Na san wasunku za su ce ai ta girma, ta fita mana ta kama gabanta. Ba ku san Romina ba. Za ta yi gardama da ubanta har gari ya waye, amma ba za ta bar gidan da kakarta take ciki ba.

Ranar Lahadin da ta gabaci Ista aka gayyace ni cin abinci gidansu, karo na farko. Na goge farar rigata guda ɗaya tak, na sa turare har ni kaina ya hau mini kai. Ina ta murna a hanya, ban san aiki aka kira ni ba.

Falon nasu irin na iyayenmu ne, kujeru da ledarsu har yanzu, kabad ɗin gilashi cike da kofunan da ba a taɓa shan komai da su ba. Abin da na fara gani shi ne farar rigar, an goge ta an rataye a jikin ƙofa. A bakin gindinta akwai ɗan gicciye shuɗi da Nanna ta ɗinka da hannunta, don ta gane jikarta a cikin masu rufaffen fuska. Duk inda ka zauna a teburin rigar tana kallonka.

Sinjura Doris, mahaifiyar Romina, ta yi miyar zomo, tana ta ƙara mini kamar an ce mata daga yaƙi na dawo. Ba a kai rabin faranti ba maganar ta tashi. Sur Leli ya ce shi ya tura 'yarsa ta koyo addini, sai aka dawo masa da ita ba addinin. Romina ta ce malamar da ke koya musu addinin ma 'yar zuhudu ce, sista, kuma ita ce ta ce musu tambaya ba zunubi ba ce. Ya ce to ita ma sistar a sa ta a addu'a.

"Pa, ban ce babu Allah ba. Cewa na yi ban sani ba."

"Kafin ki shiga makarantar nan kin sani."

"Kafin in shiga ba wanda ya taɓa tambayata."

Na duƙar da kai ina ƙirga wake a farantina. Nanna Karmena tana can ƙarshen tebur, tana tsotsar ƙashin zomo. Sai can ta goge baki ta tambayi Romina shin a makarantar hana su addu'a ake yi. Romina ta ce a'a, koya musu ake kada su faɗi abin da ba shi ne a ransu ba. Tsohuwar ta ce uhm, ta miƙa hannu ta ɗauki wani ƙashin.

Bayan an tashi Sur Leli ya ce in zo in ga sabon injin yankan dutsensa. A garejin babu wani sabon inji. Kwalin ne a ƙarƙashin tamfol, kusurwar wani littafi ta leƙo. Ya jingina da motarsa. Sai ya ce shi ya ɗauke ta a kafaɗa zuwa asibiti a wancan lokacin, jikinta kamar burodin da aka ciro yanzu, kanta na lilo. Ya ce shi bai san falsafa ba, amma ya san an roƙa an ba su, kuma an yi alkawari. In aka saɓa, abin ya dawo, wa zai kai wa kuka? Ya dafa kafaɗata da hannun nan da yake fasa dutse.

"Kai yaron coci ne, Wistin, tana jin maganarka. Ka yi mata magana. Wanda zai shigo gidan nan, ta nan zan san shi."

Na ce to. Me zan ce?

Daga ranar barci ya ƙaurace mini, aiki ma ya lalace. Na ƙona faranti guda na mai cuku, maigidana ya ce in soyayya ce in yi ta da nawa garin fulawar. In na tuna Romina a bayan kantar otal tana miƙa wa baƙi makulli sai in ce ita ce da gaskiya. In na tuna maganar Sur Leli a gareji sai in ce shi ne da gaskiya. Ina cikin murza ƙullu ranar Talata dabarar ta faɗo mini, har na yi murmushi ni kaɗai kamar wanda ya gano wani abu. Masu jan sarƙa ba a ganin fuskarsu. Ba a tambayar sunansu. Kuma tsayinmu ɗaya.

Na tura mata saƙo: "Na samo mafita. Ni zan shiga rigar. Ke ki ɓuya. Kowa ya huta."

Na ga alamar tana rubutu, ta tsaya, ta sake farawa. Sai ga shi: "A'a."

Na ce ai ba ita ta yi ƙaryar ba, ni ne, kuma ni na tabbata da Allah, sarƙar ba za ta tafi a banza ba. Ta turo mini dogon saƙo. Ta ce in kowa zai iya cusa wani a ƙarƙashin hular, to jerin gwanon gaba ɗaya ya zama wasan yara. Ta ce abin da ya fi muni, zan mayar da Nanna kamar jaririya, in zaɓar mata abin da za ta sani da wanda ba za ta sani ba, kuma ba a yi wa wanda ake girmamawa haka. A ƙarshe ta rubuta: "Na gode, tagwaina. Amma kada ka yi. Ranar Juma'a zan tafi gidan ƙawata tun safe in yi karatu da nata littattafan, sai an gama in dawo in karɓi hukuncina."

Na karanta na sake karantawa. Gaskiya maganar girmamawar ba ta shige ni ba a lokacin. Abin da ya shige ni kawai shi ne ba za ta kasance a gari ba ranar Juma'a.

Ranar ta zo. Gari tsit, ƙararrawar coci a ɗaure kamar kowace shekara, sai ƙarar katakon da ake kaɗawa a madadinta. Da hantsi na ɗauki burodin zobe mai riɗi na kai gidansu. Sinjura Doris ta buɗe ƙofa, idonta a kumbure. Na tsaya a kan dakalin na ce mata Romina ta sake shawara, za ta ja, amma ba ta son a yi mata maganar, ta ce in karɓo mata rigar ta shirya a coci. Maganar ta fito sumul, har na ji tsoron kaina. Matar nan ta rungume ni da burodin da komai, tana kuka a kafaɗata tana cewa Allah ya yi mini albarka, ta san ni alheri ne a gidansu. Ta naɗe rigar a farar takarda ta ba ni.

Na koma gida na kulle banɗaki na aske gashin ƙafafuna tas, daga gwiwa har yatsu. Na yanke farce, na shafa man ƙanwata. Na daɗe ina duba su ina jin daɗin wayona. Tabon kuwa, jinjirin watan nan da ke kwance a bayan ƙafata ta hagu, na riga na saba da shi har idona ya daina ganinsa.

A ɗakin bayan coci tsoho Kelinu ne yake raba sarƙa, shi ne mai kula da cocin tun kafin a haife ni. Na shigo da hulata a rufe. Ya durƙusa ya naɗa mini tsumma a idon sawu, ya ɗaura ƙarfen a kai. Ya kalli shuɗin gicciyen, ya kalli ƙafar, ya ɗan jima. Sai ya dafa gwiwarsa ya miƙe ya ce, "Allah ya karɓa, ko daga wa."

Da la'asar aka fito. Ban taɓa sanin titin garinmu yana da haƙora ba sai ranar. Kowane ɗan tsakuwa sai ya gaishe ka. Sarƙar ba ɗagawa ake ba, ja ake, ka tura ƙafa ɗaya, ƙarfen ya biyo ka da ƙara, ka tura ɗayar. Tun kafin mu wuce dandali tsumman ya zame, ƙarfen ya sami fata. Cikin hular zafi, numfashina yana dawo mini, duniya ta koma ramuka biyu. A gabanmu maza suna ɗauke da mutum-mutumin Uwar Baƙin Ciki, uwar wanda aka gicciye, suna rangaji da shi a hankali, a bayanmu 'yan badujala suna busa kiɗan makoki. Mutane cike da gefen titi da baranda, ba mai magana. Na ji wata mata ta raɗa wa ta kusa da ita cewa ga jikar Karmena can, mai shuɗin gicciye. Na ji daɗi. Allah ya yafe mini, na ji daɗi.

Muka karyo kwanar layinsu. Kujerar Nanna tana bakin ƙofa inda take sa ta kowace shekara, ita a kai da baƙin mayafinta. Sur Leli a tsaye a bayanta. Sinjura Doris ta rufe baki da hannu.

A gefen kujerar kuma, da koren suwaita, Romina.

Daga baya na ji yadda aka yi. Ta je gidan ƙawar tata ta kasa karanta ko layi ɗaya, ta ga gudun ma wata ƙaryar ce, sai ta hau bas ta dawo. Ta shigo ta tarar da uwarta tana ba maƙwabta albishir. Gida ya hargitse. Nanna ce ta tsawatar, ta zaunar da ita ta ce ta yi mata irin tambayar da suke yi a ajin nasu, ta ji da kunnenta. Romina ta yi mata wadda ta yi mini a shago. Sai tsohuwar ta ce a fitar mata da kujera.

Ni duk ban san wannan ba. Abin da na sani ƙafafuna sun ƙi tafiya, na bayana ya kusa taka mini sarƙa. Na so ƙasa ta buɗe. Nanna ba ta ko kalli rigar ba. Ƙasa take kallo, tana bin ƙafafun masu wucewa ɗaya bayan ɗaya, har ta iso kan tawa. Kunnenta ya yi nauyi, don haka ba ta iya raɗa ba, duk layin ya ji.

"Wannan ƙafar ni na yi jinyarta. Har aske ta ya yi, ɗan banza."

Wani ya yi dariya a baranda, matarsa ta zungure shi.

Nanna ta juya ga ɗanta. "Leli, durƙusa ka cire mini takalmi."

"Ma, gwiwarki. Ko dandali ba kya iya zuwa."

"Ranar da aka yi bakancen nan, wa ya buɗe baki? Yarinyar tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. Ni na yi wa Allah alkawari, amma da ƙafar wani na yi, don na san tawa za ta yi ciwo. Cire mini."

Ya tsaya yana kallonta. Sai mutumin nan ya durƙusa a kan titi da wandonsa na coci, ya zare mata takalman da safa. Ƙafafunta farare, a kumbure, yatsun sun hau juna. Ta miƙa wa Romina hannu.

"Ban ce ki gaskata komai ba. Riƙe ni kawai kada in faɗi. Akwai ƙarya a cikin wannan?"

"Babu, Nanna."

"To sistarku ba za ta rage miki maki ba."

Ta miƙe da ƙyar. Sannan ta juyo gare ni ta ce ita ba za ta iya jan ƙarfe ba, tunda na ɗauko sai in ja mata in kai. Amma in cire hular, kowa ya ga mai ja, ita ba a yi mata aiki a ɓoye.

Jama'a, na taɓa ƙonewa, na san zafi. Bai kai na cire hular nan ba. Iska ta bugi fuskata, ga duk garinmu, malamina na firamare, maigidana, yaran da muka yi ƙwallo tare, uwata a bakin shagon magani ta dafe ƙirji. Namiji cikin rigar budurwa, da askakkun ƙafafu.

Muka tafi. Nanna a tsakiya ba takalmi, Romina ta riƙe ta ta dama. Ba a yi nisa ba Sur Leli ya zo ya kama ta hagu, takalman uwarsa a ɗaya hannun. Ni a baya ina jan ƙarfe. Romina da takalminta a ƙafa, ba ta cire ba, ba ta sunkuyar da kai ba, ba kuma wanda ya ce ta cire. Tafiyar tsohuwar ta sa jerin gwanon duk ya rage sauri, masu ɗauke da mutum-mutumin suka riƙa tsayawa suna jira, 'yan badujala suka ƙare kiɗansu suka sake ɗaukowa daga farko. Ba wanda ya yi ƙorafi. Sau da yawa gwiwarta ta lanƙwashe, su biyun su tallabe ta, ta ce a sake ta, ba gawa ba ce.

A matakalar coci ta zauna tana haki, tafin ƙafarta ya fashe. Ta kama habar rigar ɗanta ta ce an cika, kuma in akwai saura tsakaninta ne da Ubangijinta, ba ruwan kwalin yarinya. Sur Leli ya durƙusa a gabanta. Yana goge mata ƙafa da hankicinsa.

Kelinu ya kwance mini sarƙar. Na lallaɓa wurin Romina ina ɗingishi, jini a bakin farar rigarta, ina tunanin ko za ta yi dariya, don abin dariya ne. Ba ta yi ba. Ta dube ni ido cikin ido, tunda ba sai ta ɗaga kai ba.

"Na ce kada ka yi. Ka sa Ma ta yi kukan murna a kan ƙarya."

Ta juya ta koma wurin kakarta.

Jiya Asabar na wuni ina kallon waya. Na rubuta mata ban haƙuri, na goge. Na rubuta cewa ai ta dalilina komai ya warware, na goge da sauri, don ko ni na san ba haka ba ne, Nanna ta riga ta sa a fitar da kujerarta tun kafin in iso. Na tura mata hoton ƙafata da bandeji ko za ta ji tausayi. Ta gani, ba ta amsa ba. Yaran unguwa kuma duk wanda ya wuce ƙofarmu sai ya tambaya ko ina da sauran reza. Sai yanzu maganar girmamawar nan take shiga ta. Na tuna hawayen Sinjura Doris a kafaɗata, da albarkar da ta sa mini, wadda ba tawa ba ce na karɓa.

Yau da sassafe na ji hon. Motar Sur Leli ce. Ya sauko ya buɗe baya, ya ciro kwalin, ya dire shi a kan dakalinmu. Ya kalli bandejin ƙafata, gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Ni ba ta yi mini magana. Kai ma na ji ba ta yi maka. Amma jarrabawa ta matso, dole ɗayanmu ya kai mata. Kai ka saba ɗaukar kayan da ba naka ba."

Ya shiga mota ya tafi.

Ga kwalin nan kusa da bokitina. Na ɗan buɗe, warin gareji da ƙurar dutse, takardunta da rubutun nan nata mai kwanciya gefe ɗaya. Za ta zauna jarrabawarta. Wannan kam ya tabbata, kuma in shi kaɗai na samu a cikin wannan abin kunyar, na gode Allah.

Ina tsakiyar rubuta muku wannan wayar ta yi ƙara. Ita ce. Ga abin da ta turo, ban canza ko harafi ba: "Pa ya ce kayana suna wurinka. Tambaya ta gaba: wanda ya yi ƙarya saboda yana son mutum, in ya zo ƙofar gidan, wa ya kamata ya fara nema, kuma me zai ce? Ba a amsawa ta waya."

Rabin farko ina jin na sani. Ba Romina zan ce a kira mini ba, Sinjura Doris ce za ta buɗe ƙofar, kuma a kan dakalin nan da na tsaya ranar Juma'a zan tsaya. Rabin na biyu ne ban da shi. Na juya shi ta kowane gefe kamar ƙullu, ya ƙi haɗuwa, ga shi babu wanda zan leƙa takardarsa.

An saki ƙararrawar coci yanzu, ta Ista, duk garin ya ɗauka. Na tsane ƙafafuna, na zura silifas, don takalmi ba zai shiga ba. Na goge farar rigar tawa, wannan karon ban sa turare ba. Na sunkuya na ɗaga kwalin.

Ya fi sarƙar nauyi.